Ruwan da Ya Wanke Kwano

Mama ce ke riƙe da makullin tankin ruwan cocinmu. Tanki ne na siminti a bayan ginin, ya fi mutum tsayi, kuma duk abin da ke cikinsa daga kwanon coci yake zuwa: ruwan sama ya sauka a rufi, ya bi indararo, ya gangaro ta bututu, ya shige. Da shi unguwarmu ke rufa wa kanta asiri a ƙarshen rani, lokacin da famfunan gidaje ke ɗaukewa. Kowace safiya Mama takan buɗe kwaɗon da ke bakin famfon tankin, ta zauna a kan wani benci da ya rasa ƙafa ɗaya aka tokare shi da bulo, mata su jera jarkokinsu. Ba ta tambayar wace ce 'yar coci, wace ce ba 'yar coci ba. Tambayarta ɗaya ce, mutum nawa ne a gidanki.

Akwai wani abu a aikin tankin da kowa ya sani amma ba wanda ya taɓa damuwa da shi sai ita. Ruwan farko ba ya shiga tanki. Bututun da ke saukowa daga indararo yana da gwiwa mai juyawa, kuma da zarar damina ta ƙare Mama takan juya ta ta fuskanci kwata. Duk tsawon rani tantabaru na kwana a kan rufin, ganye na taruwa, ƙadangaru na mutuwa a indararo. Ruwan farko ne ke wanke wannan duka. Mama takan tsaya a cikin ruwan da farin kofin roba, tana tarawa tana dubawa tana zubarwa, sai ta ga ya yi fari tas sannan ta juya gwiwar zuwa bakin tanki. In aka yi kuskure baƙin ruwan ya shiga, ya lalata wanda ya tarar a ciki da wanda zai biyo bayansa, sai an kwashe tankin duka an wanke.

A shekarar nan damina ta yi jinkiri. Na gama karatu ina gida ina jiran aiki, sai na zama mai raka Mama bakin tanki. Hadari yakan taso da rana, ya yi baƙi har a fara kwashe shanya, sai iska ta ɗauke shi ta kai wa wasu. Mama takan hau tsani ta haska cikin tankin da tocila ta ƙaramar ƙofar sama, ta sauko. Daga jarka cike ta koma ba kowace mace rabi.

Ranar da ta fara ba da rabin, Goggo na cikin layi. Goggo yayar Baba ce, gidanta na bayan namu, kuma tun ranar da aka auro Mama take kiranta matarmu. Ba mugunta gare ta ba, bakinta ne ba ya zama a rufe. Da ta ga an rufe famfo jarkarta ba ta cika ba, sai ta juya ga sauran matan ta ce ai dama, duk shekara matarmu takan tsaya tana zubar da kyautar Allah a kwata kamar mai kogi a ɗaki, wa ya sani ko Mai kyautar ya gani ya ce bari su ɗanɗana su ji. Mata suka yi dariya. Mama ma ta yi. Amma da muka tashi tafiya ta rufe kwaɗon, ta ja shi, ta sake ja, sannan ta daɗe tana kallon bakin bututun da ke fuskantar kwata.

Ranar Laraba da yamma aka yi taron addu'a domin ruwa. Cocin bai cika ba, amma an fi yadda aka saba zuwa. Fankoki na juyawa, iskar zafi kawai suke rabawa. Aka yi waƙa, aka yi karatu, mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna roƙo. Da aka zo rufewa, Fasto ya ce tunda Mama ce ta fi kowa sanin ƙasan tanki, ita za ta rufe mana.

Mama ba mai addu'a a gaban jama'a ba ce. A gida ma addu'arta gajera ce, kamar mai ba da saƙo a bakin ƙofa. Ta tashi ta dafa bayan bencin da ke gabanta, ta fara a hankali, ta gode, ta ambaci marasa lafiya da masu jarirai. Sai na ji muryarta ta canza. Na buɗe ido na dube ta.

"Ya Ubangiji, in mun yi wasa da abin da ka ba mu, ka gafarta mana. Ni dai ina yi maka alkawari a gaban 'ya'yanka. In ka aiko da ruwa, duk wanda ya sauka a kan kwanon gidan nan naka, ko ɗigo ɗaya ba zan bari ya tafi kwata ba. A cikin sunan Yesu."

Aka amsa da amin mai ƙarfi. Wata tsohuwa da ke kusa ta kama hannunta ta riƙe har aka tashi. A bakin ƙofa mutanen da ba su taɓa ce mata komai ba in ban da sannu da aiki suka riƙa tsayawa suna cewa addu'arta ta shige su.

Muka kama hanyar gida har muka wuce shagon mai facin taya. Sannan ta ce, "Auta, me na ce?" Na maimaita mata. Ta ce to, ta ci gaba da tafiya. Ni da ita duk mun san abin da ta ɗaura wa kanta. Ɗan ruwan da ya rage a ƙasan tanki shi ne ruwan shan unguwa. In ta juya gwiwa zuwa tanki tun ɗigon farko, ta lalata shi. In kuma ta yi aikinta yadda ta saba, ta yi wa Allah ƙarya a gaban ikilisiya.

Baba bai je taron ba, amma Goggo ta riga mu isa gida. Mun same shi a ƙofar shagonsa, wanda ke manne da gidanmu, da kayan cikin wata fanka a kan cinyarsa, don gyaran fanka da dutsen guga ne sana'arsa. Ya ce ya ji labari an naɗa matarsa soso, duk ruwan sama ita za ta tsotse. Ya ce in tana so zai ƙera mata babban mazurari ta ɗora a ka ta tsaya a tsakar coci. Mama ta wuce shi ta shiga ciki. Da ya ga haka ya ajiye kayan aikin ya bi ta, ya ce, Maman Auta, Allah da ya halicci tantabara ya san abin da take yi a kan kwano, ba zai kama ki da maganar da zafi ya sa kika yi ba. Ta ce ba zafi ba ne, da hankalinta ta faɗa. Ya ce to hankalin ne ya yi zafi.

Goggo na zaune a kujerar Baba tana fifita da murfin tukunya. Ita a wurinta maganar ba ta da tsawo. Alkawari alkawari ne, kuma ba a gaban madubi matarmu ta yi shi ba. A juya bututu ruwa ya shiga, datti ya kwanta, a tafasa a sha. Su da suka tashi suna shan ruwan da ya fi wannan muni, ba ga su nan ba? Baba ya ce ga su nan kuwa, shi ya sa ake fama da su. Mama ta ce, Yaya, akwai masu jarirai a layin nan, kuma ba kowa ke da abin tafasa ruwa kullum ba. Goggo ta ce ai da ta tuna da jariran kafin ta buɗe baki. Ba wanda ya tuna mata wanda ya fara buɗe baki a bakin tanki.

Washegari bayan an gama raba ruwa muka shiga wurin Fasto. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a gefen coci, tebur ɗaya da kujerun roba da tagar da ba ta rufuwa sosai. Matashi ne, bai daɗe da zuwa mana ba, bai taɓa ganin ruwan farko a cocin nan ba. Ya tarbi Mama da murna, ya ce addu'arta ta hana shi sukuni, yana ma tunanin ya yi wa'azi a kanta ranar Lahadi. Mama ta bari ya gama, sannan ta yi masa bayanin gwiwa da tantabaru da farin kofi. Ya saurara da hannu a haɓa. Da ta gama ya ce Allah zuciya yake dubawa, kuma shi zai iya yi wa jama'a bayani cewa nufinta kada a yi ɓarnar ruwa. Ta ce ba haka ta faɗa ba. Ya ce ya sani, amma haka take nufi.

"Fasto, da kai na yi wa alkawarin, ka ce ka yafe, sai in tafi gida in yi barcina. Ba kai na yi wa ba."

Ya ce gaskiya ne. Ya tambaye ta me za ta yi. Ta ce za ta tare baƙin ruwan a wani wuri har ya yi fari, kada ya shiga tanki, kada kuma ya tafi kwata. Ya tambaye ta ko zai taru. Ta ce ba ta taɓa aunawa ba, kallonsa kawai take yi yana wucewa.

Muka fara da rage dattin. Baba ya riƙe tsani saboda gwiwarsa ba ta barinsa hawa, ni na hau da tsintsiya da buhu. Indararon cike yake da busasshen ganye da gashin tsuntsu, ga wata ƙwallon yara da ta sace, ga gawar tantabara ta bushe ta zama kamar kwali. Wannan na kwashe. Amma kwanon kansa, daga gefe har ƙololuwa, fari fat yake da kashin tsuntsu da ya manne, tsintsiyar da muka ɗaura wa sanda ba ta kai ko'ina ba, kuma Baba ya ce in na taka kwanon nan zai ɓurma, sai dai a ɗauko ni a kan bencin dattawa. Mama na ƙasa ta ɗaga kai tana tambayata yaya yake. Na ce da sauƙi. Ta ce Auta, faɗi gaskiya. Na ce babu sauƙi.

Sai ta shiga neman mazubi gida gida. Aka ba ta bokitai, da bahon wankan jarirai, da babbar tukunyar da matan coci ke girki in ana taro. Baba ya jawo wani mataccen firiji da ya shekara a bayan shagonsa, ya cire ƙofar, ya toshe ramukan, muka kwantar da shi a bayansa. Mai wanki na ƙarshen layi, wanda ba ɗan cocinmu ba ne, ya mirgino babban duronsa da kansa, ya ce sharaɗinsa ɗaya, a mayar masa da shi cike, launin ruwan ba ya damunsa. Baba ya samo tiyo mai faɗi ya ɗaura a bakin gwiwar da igiyar roba, yadda za a iya kai ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan. Yana ɗaurawa yana cewa shi dai a rubuta ba da shi aka yi alkawari ba, ɗan kwangila ne kawai. Muka jera komai a jikin bangon coci, daga tanki har kusa da katanga.

Daga nan sai jira. Ranar Lahadi Fasto bai ambaci Mama ba. Ya yi wa'azi a kan yadda Allah ke ciyar da abin da ya halitta, da yadda ruwansa ke sauka a kan rufin kowa ba tare da ya tambayi halin mai gidan ba. Bayan sujada mutane suka zagaya baya suna kallon jerin mazuban, wasu na jinjina kai, wasu na danne dariya. Sama kuwa ko alama.

Da kwanaki suka ja, masu kaya suka fara zuwa karɓar kayansu. Wannan za ta yi wa ɗanta wanka, waccan ta yi baƙi, wata kuma mijinta ne ya tambayi ina bokitinsa. Lokacin ƙarancin ruwa ba wanda ke da mazubin da ba ya buƙata. Mama ba ta hana kowa ba, har godiya take yi. Jerin ya riƙa yin giɓi kamar bakin tsohuwa. Ta rage cin abinci. Ko ƙofa iska ta buga sai ta fita tsakar gida ta ɗaga kai. Baba ya ce shi mace ya aura, yanzu ya wayi gari da mai hasashen yanayi, kuma hasashen ma ba ya faɗa masa komai.

Wata safiya a addu'ar gida Baba ya roƙi ruwa kamar kullum. Ni da shi muka ce amin. Ban ji ta Mama ba. Na ɗauka kunnena ne, sai washegari ma haka. A bakin tanki, bayan mace ta ƙarshe ta ɗauki jarkarta, ta zauna tana juya makulli a hannu, ba ta dube ni ba.

"Auta, tsoron ruwa nake ji. Ni da nake ba mutane rabin jarka, in na ga hadari ya watse sai in ji sanyi a raina. Kin taɓa ganin irin wannan?"

Na ce wataƙila ruwan farkon zai zo kaɗan kaɗan, yayyafi, ya wanke kwanon a hankali. Ta ce to yanzu kuma za ta koma gaya wa Allah yawan da zai bayar saboda bokitanta. Ta tashi ta rufe kwaɗo.

Ruwan ya zo wata Talata da rana, bayan mun ci abinci. Bai yi dogon shiri ba. Iska ta kaɗa labule, aka ji ƙamshin ƙasa, sai ga manyan ɗigo a kan kwanon gidanmu kamar ana watsa tsakuwa. Baba ya fita kai wa wani fankarsa. Goggo na gidanmu, ta kawo rediyonta gyara ta zauna jiran mai shago. Mama ta ɗauki farin kofinta ta fita ko takalmi ba ta gama sawa ba, na bi ta, Goggo ta biyo mu da laima tana cewa ita za ta je ne don ta gani da idonta, kada gobe a ba ta labari da gishiri.

Kafin mu isa bayan coci ruwan ya kece. Tiyon ya yi tari, ya yi tsalle a ƙasa, na kama shi na kai bakinsa cikin firiji. Abin da ya fito baƙi ne, mai kauri, da warin kejin kaji. Ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Firijin da muka ɗauka zai daɗe ya cika kafin in gyara tsayuwa. Na ja tiyon zuwa duron mai wanki, daga nan zuwa tukunyar taro. Tiyo cike da ruwa nauyi gare shi, kuma so yake ya ƙwace. Mama na bina da kofi, tana tarawa tana ɗagawa zuwa haske tana juyewa a mazubi. Goggo da ta zo kallo ta ajiye laima, ta tattare zane, tana jan bokitan da babu komai zuwa kusa da ni tana faɗa mini wai hannuna kamar na wadda ba ta ci abinci ba.

Ruwan ya sauya daga baƙi zuwa launin shayin da ba madara. Har yanzu gashin tsuntsu na yawo a cikin kofi. Bokitai suka ƙare. Goggo ta ruga ta ɗauko kwandon sharar coci na roba ta juye shi, ya cika. Ta kife laimarta ta tara, ita ma ta cika ta karye. Na duba jikin bangon daga tanki har katanga, ba abin da bai cika ba, kuma saman da ke kanmu ko rabin abin da ke cikinsa bai sauke ba. Na toshe bakin tiyon da tafin hannuna, ruwa na fesowa ta tsakanin yatsuna yana dukan fuskata. Na san ba zan iya riƙewa ba.

Mama ta je ta tsaya a gaban gwiwar. Bakin tanki na hannun damanta, kwata na hagu. Ta kwance igiyar robar da Baba ya ɗaura, tiyon ya faɗi, ta tara kofi a bakin bututu ta duba. Goggo ta matso ta ce, "Matarmu." Mama ta miƙa mata kofin. Goggo ta duba, ta kai hanci, ta kau da kai.

"Ni dai ba zan sha wannan ba," in ji ta.

Mama ta kama gwiwar da hannu biyu ta daidaita ta a kan kwata. Ba ta ɗaga murya ba, amma ina kusa, na ji.

"Ubangiji, kana gani. Na kasa."

Ta tsaya tana kallon ruwan yana tafiya. Kwatar ta riga ta cika da ruwan harabar coci da na titi da na rufin maƙwabta, namu ya shiga ciki, kafin ya kai katanga ba a iya gane shi. Can sai na ga ta ɗaga kai tana duba ko'ina. Ruwa na zuba a kan titi, a kan tsohuwar motar da ba taya a gaban gareji, a kan filin da yara ke ƙwallo, a kan jujin bayan katanga inda ba wanda ya shuka komai. Ta daɗe a haka, ruwa na bin fuskarta, har na fara tunanin ta manta da kofin. Sai ta miƙa hannu Goggo ta ba ta. Ta tara ta zubar, ta tara ta zubar. Da ya yi fari ta kurɓa, ta juya gwiwar zuwa tanki. Muka ji ƙarar faɗawarsa a ciki, da farko kamar ana buga ganga a ɗakin da ba kowa, daga baya ƙarar ta yi nauyi. Goggo ta zauna a kan bencin nan mai ƙafar bulo ta ce an jiƙa mata sabon zane, kuma wani zai biya ta laima.

Baba ya dawo a jiƙe, ya same mu muna matse kaya. Ya dubi Mama, ya dube ni, na girgiza kai. Bai yi wasa ba. Ya shiga ya ɗora ruwan zafi da kansa.

Ranar Lahadi cocin ya cika. Da aka zo lokacin shaida mutane suka yi ta tashi suna godiya domin ruwa, wannan ya yi shuka, waccan rijiyarsu ta kawo. Wata ta ce addu'ar Mama ce Allah ya ji, aka yi tafi. Kafin tafin ya ƙare Mama ta tashi. Ta ce kada a yi mata tafi. Ta ce a nan ta tsaya ta yi alkawari, a nan kuma za ta faɗi cewa ba ta cika ba. Ta faɗi yadda mazubai suka cika, da yadda ta juya bututu zuwa kwata da hannunta, ba wanda ya sa ta. Ta ce in yau aka mayar da ita wurin haka za ta sake yi, saboda haka laifinta ba a bayan coci yake ba, a nan cikin coci ta yi shi ranar da ta buɗe baki.

"Na ɗauka in ban tare ba zai ƙare. Har na kai ina tsoron ya zo. Da na tsaya a cikinsa na ga yadda yake zubawa, a titi, a juji, ko'ina, sai na ji kunya. Ba da bokitina yake aunawa ba. Ku taya ni roƙon gafara."

Wani dattijo da ke zama a bencin gaba, tsohon malamin makaranta wanda ya koyar da rabin mutanen da ke wurin, ya tashi a hankali ya ce ya ji, amma kada a ɗauki abin da sauƙi, don alkawarin da aka yi wa Allah ba ƙaramin abu ba ne, kuma yara na saurare. Goggo ba ta jira an ba ta dama ba. Ta miƙe ta ce ita tana wurin, a hancinta aka kai kofin. Duk wanda yake ganin da an zuba a tanki, akwai firiji cike a bayan coci, ya faɗa ta ɗebo masa yanzu. Dariya ta ɓarke daga bencin mata ta bazu. Dattijon ya jira ta lafa, ya ce shi bai ce a zuba a tanki ba, cewa ya yi mutum ya san abin da bakinsa zai ɗauka. Mama ta ce, "Shi ne abin da na tashi in faɗa, Malam." Ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya zauna.

Fasto ya ce mu tashi. Ya gode domin ruwa, sannan ya roƙa wa Mama gafara yadda ta nema, bai rage ba bai ƙawata ba. Aka ci gaba da sujada.

Da aka tashi wasu suka gaishe ta, wasu suka wuce kamar ba su gan ta ba. Tsohuwar da ta riƙe hannunta ranar Laraba tana cikin waɗanda suka wuce. Baba ya ce a ganinsa an yi ciniki mai kyau, don daga yau ba Faston da zai sake cewa matarsa ta rufe addu'a. Ta ce ya yi gaba ya buɗe gida, za mu biyo shi.

Muka zagaya baya. Na tambaye ta ko tana ganin an yafe mata. Ta ce ita dai ta roƙa, sauran ba aikinta ba ne. Ba ta ɗauko tsani ba. Ta ɗora tafin hannunta a jikin tankin tana shafawa daga ƙasa zuwa sama, tana neman inda sanyin siminti ya tsaya, don nan ne ruwa ya kai. Ya tsaya daidai ƙirjinta.

"Da saura," na ce.

"Wani ruwan zai zo," in ji ta. Ta share hannunta a zane muka tafi gida.